Ɗan Ilu Wanzami da Tiyatar da Ba a Sa Aska Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Ilu wanzami ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ji ƙansa. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka duk wanda ya ga na taɓa shi a jaridar nan kada ya ce tsoho ya yi wa mamaci rashin kunya. Haƙƙina ne, tun muna yawo ba wando a Daura nake karɓarsa. Karatuna kuma a aji huɗu ya tsaya, ranar da ni da malamin lissafi muka gane gari ɗaya ba zai ɗauke mu ba. In na shiga maganar likitoci, a karɓa da haƙuri.

Ilu ya yarda da aska. A wurinsa ciwo ba ya fita sai an buɗe masa ƙofa: ciwon kai ƙaho, kumburi sakiya. In ka ce an ba ka ƙwaya a asibiti, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "To ta ina zai fita?" Shi ya sa bana na fi tuna shi, saboda abin da ya sami ɗansa Habibu, wanda ya gaji zabirarsa.

Da farko cewa aka yi Habibu ya yi girman kai. Ka gaishe shi daga gefe, ya wuce kamar bai san ka ba. Sai da mai babur ya kusa kwashe shi a hanyar Mai'adua aka gane gefen idanunsa ne ke rufewa, gabansa kawai yake gani. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙari. Likita ya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ke ba sassan jiki umarni. Ni na ɗauke shi mai unguwa. A kansa ƙarin ya fito, ya girma har yana danne jijiyar gani. Ba ciwon daji ba ne, amma in an bar shi yaron zai makance, makaho kuwa ba ya riƙe aska.

Aka yi aiki ta hanci aka kwashe mafi yawa, ganinsa ya soma buɗewa. Sai dai wani guntu ya maƙale jikin babbar jijiyar jini, inda wuƙa ba ta isa ta leƙa ba, daga baya kuma ya fara motsi. Dangi suka yi abin da ya kamata, aka kai shi Masar. Can ne aka yi masa abin da suke kira tiyatar haske. Yadda ya bayyana mini, siraran haske ne masu yawa, kowanne daga nasa gefen. Ɗaya shi kaɗai ba ya ƙona komai, amma duk a kan ƙarin suke haɗuwa, kamar yadda muke tara rana da gilashi mu ƙona takarda muna yara. Ya kwanta, ya tashi, ya ci abinci. Ba jini, ba ɗinki.

A nan rigima ta tashi. Gidan wanzamai ne, kuma babbansu yanzu Tanimu ne, ƙanin Ilu, mai taurin kai irin na wansa amma ba dariya. Masu dubiya suka zo ba su ga bandeji ba, suka koma suna gunaguni. Da aka sake hoto bayan watanni aka ga ƙarin yana nan, sai Tanimu ya yanke hukunci: an yaudari yaro, kada ya ƙara komawa asibiti, shi zai yi masa tsaga da ƙaho. Habibu kuwa ba ya iya musu da baffansa. Likitan ya riga ya gaya masa aikin hasken a hankali yake ci, yana iya ɗaukar shekaru, in ƙari ya daina girma an ci nasara. Kuma dole a riƙa auna jininsa, don wani lokaci mai unguwar kan yi rauni daga baya, sai an tallafa masa da magani.

Na tarar da Tanimu a zaure yana wasa aska, Habibu na zaune a gefe. Ya ce, "Yaya, kai da ka fi kowa sanin marigayi, da zai yarda an yi aiki ba tabo?"

Na ce, "Wa ya ce babu? Habibu, cire hula."

Tanimu ya duba ya ga ɗigo biyu a goshi, biyu a ƙeya. Habibu, da gaskiyarsa mai ɓata shiri, ya ce, "Baffa, ba nan aka yi aikin ba. Wani ƙarfe ne aka ɗaure mini kai da shi don kada in motsa."

Na ce a raina yaro ya kashe ni. Amma Tanimu ya tsaya. "Sai da suka kafe kan tukuna?"

"Ko gezau, Baffa. Ɗaurin da awon sun fi aikin cin lokaci."

Tanimu ya shafa ɗigon da babban yatsa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wanda ya san a kafe kai kafin a taɓa shi, ɗan gida ne. Je ka, ka bi abin da suka ce." Ya mayar da aska cikin zabira.

Da Ilu na nan, na san sai ya yi kwana uku yana zagin na'urar, ya ce ragwaye ne masu tsoron jini. Rana ta huɗu kuma shi zai fara tambayar ko ana sayar da ƙarama. Bai taɓa ƙin abin da ke warkar da mutum ba, so yake dai a roƙe shi. Abin da ya bari ke nan a gidan, ya fi zabira: mutunta aikin da aka yi da natsuwa, ko da hannun baƙo ne ya yi shi.

Hoton baya-bayan nan ya nuna ƙarin bai ƙara ko kaɗan ba, har ya ɗan motse. Habibu na zuwa awonsa, Tanimu ne ma ke tuna masa. Abin da ya rage, mutanen unguwa sun ƙi kawo kawunansu, wai kada mai ciwon ido ya yi musu ɓarna. Ranar Juma'a na ɗauki tabarma na shimfiɗa a bakin titi inda kowa zai gani, na cire hula na ce Habibu ya yi mini aski ƙwal. Ba zan ɓoye ba, na karanta duk addu'ar da na haddace. Yana gamawa na shafa, kunnuwana biyu cif. Kafin in kakkaɓe riga, mutum uku sun zauna a bayana, na gaba Tanimu ne.