Tsibirin da Muka Share wa Baƙin Jirgin Ƙanƙara

Cikin shekara talatin da biyar da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka karɓi baƙin jirgin ƙanƙara a Argungu. Ku da kuke zuwa gidana nan Gesse neman shawara kamar wurin wani mai hankali, ku gyara zama ku ji yadda na fara.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba, farkon shekarun tamanin. Ina ƙaramin jami'i, mataki na shida, a wani ɗan ofishi a Birnin Kebbi mai kula da baƙi masu yawon buɗe ido. Ga wanda bai san tsarin ba, idan an ɗauke ka aiki shekara biyu kake yi kana gwaji. Bayan nan maigidanka ya rubuta rahoto a kanka, a aika Sakkwato, sannan a ba ka takardar tabbatarwa. Kafin ta zo, wasiƙa mai layi uku ta isa a sallame ka. Ni kuwa saura mini wata biyu, ga mata, ga jariri, ga mahaifina ya riga ya gaya wa unguwa kaf ɗansa Garba ya zama ma'aikaci.

Maigidana Alhaji Sahabi ne, Allah ya jiƙansa, mutum mai son tsari wanda ba ya zama a kujera sai ya kaɗe ta sau biyu. Wata safiya cikin watan Nuwamba ya kira ni ya miƙo mini wasiƙa daga wakilin wani kamfanin jiragen ruwa a Legas. Wai suna da jirgi, otal ne sukutum a kan teku, da ɗakunan kwana da masu dafa abinci har da likita. Aikinsa kai tsofaffin attajirai ƙarshen duniya, inda babu itace, babu gona, babu ɗan Adam, sai ƙanƙara da tsuntsaye. Ya gama da ƙanƙarar arewacin duniya, yanzu ya nufi ta kudu, zai tsaya Legas kwana uku. Mutum goma sha biyu daga ciki za su hawo jirgin sama zuwa Sakkwato, a kawo su Argungu a mota. Abin da suke so shi ne tsibiri a cikin kogin Rima wanda ba kowa a kansa, mai tsuntsaye.

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Garba, mutum shi biya kuɗin gida guda don a kai shi inda ba kowa? Da ni sunka tambaya, sai in kawo su ofishin ga ran Juma'a bayan salla." Muka yi dariya. Sai ya ɗaure fuska. "Sakkwato na jiran wasiƙar da za su rubuto bayan sun koma. In ta yi kyau, rahotonka shi yi kyau. In ta ɓaci, kai ma ka san sauran."

Washegari na hau motar Argungu na nemi Baba Nomau, wani dattijo da ofis ke ɗauka in ana son kwalekwale. Masunci ne kuma manomin shinkafa, ba ya yawan magana, amma in ya yi guda sai ka wuni kana juya ta. Ruwa ya fara ja, shinkafa ta nuna a fadama. Muka yi kamar awa guda yana tuƙi da gora, sai ga tsibirin. Ciyawar burugu har ƙirji, tsuntsaye kuwa ba a magana: kirinjijiya, ɗinya, zalɓe, belbela, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ban san sunansu ba. Na sauka, takalmina na ofis ya nutse cikin taɓo da kashin tsuntsu. Warin da ya buge ni sai da na toshe hanci.

Ba zan ɗora wa mamaci ba, ni na kawo shawarar. Na koma na ce, "Ranka shi daɗe, tsibiri ya samu, amma ba wurin da za a kai manyan mutane ba ne sai an gyara." Alhaji ya ce a karon farko na yi tunani irin na babban jami'i. Ranar ko abinci ban ci ba don daɗi.

Kwana huɗu muna aiki. Lebura ashirin da lauje suka kwantar da burugu, aka share, aka zuba yashi. Kun san ba a karɓar babban baƙo sai an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. To tsibirin babu dutse ko ɗaya, don haka daga gari muka riƙa lodo su a kwalekwale. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Matsala ɗaya ta rage, duk inda muka share sai tsuntsaye su dawo su ɓata. Nan ma na nuna basira. Na ɗauki mutum biyu suka ja igiya mai gwangwanaye kamar yadda ake yi a gonar shinkafa, suna kaɗawa daga safe har yamma. Kwana na uku ko belbela ba ta gittawa.

Baba Nomau yana sauke lodin duwatsu na biyar ya ce, "Garba, wai baƙin ga duwatsu sunka ce suna son gani?"

Na ce, "Baba, kai ka san ruwa, ni na san baƙi."

Ya ce, "To madalla."

Alhaji ya zo dubawa ya yaba ƙwarai, ya ƙara da makaɗa huɗu, ya ce a ɓoye su bayan rumfa don abin ya zo wa baƙi ba zato.

Ran Asabar da hantsi baƙi suka iso. Duk tsofaffi ne, da manyan huluna da takalman roba, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Wadda suke saurara wa wata tsohuwa ce ta kusa tamanin, tana dogara sanda, masu kwalekwale suka sa mata suna Inna Mai Madubi. A bakin ruwa suka nemi bokiti da buroshi, kowa ya wanke takalminsa tas. Na tambaya, Inna ta ce dokar jirginsu ce, kada su kai ƙwayar ciyawa ko dattin wani wuri kan tsibiri. Na dubi Alhaji, ya dube ni. Mutane masu tsabta haka, ai mun gama da su.

Suka ce kada a tayar da inji, a tuƙa da gora. Cikin kwalekwale sai raɗa suke yi kamar gidan mara lafiya. Muka karya kwana, fararen duwatsuna suka bayyana suna ɗaukar ido, makaɗa suka saki ganga.

Ban taɓa ganin fuskoki goma sha biyu sun mutu lokaci guda ba sai ranar. Suka sauka a hankali. Inna ta dubi rumfa, ta dubi yashi, ta ɗaga madubi ta duba gabas da yamma. Sannan ta tambaye ni da Turanci, "Ina tsuntsayen?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Mun kore su, Madam, don kada su ɓata muku kaya."

Wani tsoho ya zauna a kujera ya cire hula ya rufe fuska da ita. Inna ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce a can arewa, a gefen ƙanƙara, ta ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu yana kwanci a kan ƙwai. An gaya mata in sanyi ya kama, irinsa na ƙetare teku da hamada su sauka a fadamun nan. Shekara da shekaru tana son ta ga inda suke zuwa, kuma likita ya ce wannan ce tafiyarta ta ƙarshe. Ta ciro ɗan littafi ta fara rubutu. Ni dai ina kallon alƙalamin nan, don na san takardata ce ke tafiya. Na waiga neman Alhaji, sai na gan shi can nesa ya duƙufa yana nazarin wani dutse. Da na matsa ya ce a hankali, "Garba, ai wanga aikinka na."

Baba Nomau ya yafito ni daga bakin ruwa. "Mi tsohuwar ga ke nema?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. "Na san inda suke. Kwana huɗu ke nan ina zagin ofishinku a gida. Duk abin da kunka koro, gonata yas sauka."

Ashe gonarsa tana bayan tsibirin, shinkafa saura mako guda a yanka. Babban ɗansa Hamidu, magidanci mai 'ya'ya uku, yana can tun asuba yana fama da igiyar gwangwani. In baƙi za su ga tsuntsaye, sai an ajiye igiyar nan, a bar su su sauka su saki jiki, daga azahar har yamma. Ni ɗan manomi ne, na san abin da kirinjijiya da janbaki ke yi wa nunanniyar shinkafa cikin awa uku.

Ya dube ni ya ce, "In ta koma haka nan, mi za a yi maka?"

"Korata za a yi, Baba."

"Kana da iyali?"

"Mata da jariri."

Ya tofar da goron da ke bakinsa, ya ɗauki gora. "Kwaso su."

Da muka isa ya ƙwala wa Hamidu kira ya ce ya saki igiya ya tafi gida. Hamidu ya tsaya yana kallon ubansa kamar wanda ya taɓu. Sai da aka faɗa masa sau uku. Muka tura kwalekwale uku cikin ciyawa muka yi tsit. Baƙi suka ci biskit ɗin aljihunsu, sauro na cin su, ba wanda ya ko motsa. Kaji da kifin da muka dafa musu a rumfa kuwa, makaɗa da lebura suka yi musu adalci.

Bayan kamar awa guda suka fara zuwa. Kirinjijiya ta fara, garke-garke tana fito, sai ɗinya, sai zalɓe ya sauka yana taƙama. Can sai ga ƙananan nan masu dogayen ƙafafu, sun taso tare sun juya tare, suka zuba a bakin taɓo dab da mu. Inna ta ɗaga madubinta. Ta daɗe tana kallo hawaye na bin kumatunta, sannan ta cire madubin ta miƙa wa Baba Nomau. Ta ce in gaya masa waɗannan su ne nasu, daga ƙasarsu suka zo.

Baba ya sauke madubin. "Ashe suna da mai su? To tambaye ta, a garinsu in dabbar mutum ta yi ɓarna a gonar wani, mi ake yi?"

Na so in haɗiye maganar, amma ya kafe ni da ido, dole na fassara. Inna ta toshe baki tana dariya kada ta firgita tsuntsaye. Ta ce wata biyu zuwa uku kawai suke yi a wurinsu, su yi ƙwai su ƙyanƙyashe, amma a nan suna fin rabin shekara. In za a yi shari'a, nasa ne.

Baba ya yi lissafi, sannan ya ce, "Wato can a haife su, nan su ci. Kamar ɗiyan ƙanwata." Da na fassara, kwalekwalen sai da ya yi tangal-tangal.

Kowa na dariya, amma ni ina kusa da shi. Ba tsuntsaye yake kallo ba. Zangarniyar shinkafarsa yake kallo tana sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, janbaki ya rufe gefen gonar baki ɗaya. Sau biyu na ga hannunsa ya ɗaga zai tafa, ya mayar da shi kan gora. Haka ya daure har rana ta yi ja, Inna ta rufe littafinta ta ce ya isa.

Bayan mako shida wasiƙa ta iso ta hannun Sakkwato. Sun ce sun ga ƙanƙarar arewa da ta kudu, amma yammacin nan na Rima na cikin abin da ba za su manta ba. Sun yaba wa matashin jami'i Malam Garba, wanda ya san kogi da tsuntsayensa. Tsibirina ko a layi ɗaya ba su ambace shi ba, Allah ya saka musu. Baba Nomau kuwa "mai kwalekwale" kawai aka rubuta. Alhaji ya karanta sau biyu, ya ce dama tun farko ya ga alamar hazaƙa a tare da ni, ya sa hannu a rahoto. Takardar tabbatarwa ta zo kafin azumi.

Na kai wa Baba labari har gida. Na fara kame-kame a kan shinkafarsa, ya katse ni. "Ka samu takardarka? To shi ke nan. Gai da jariri." Ya sa aka kawo mini fura. Kunya ta hana ni shan ta da daɗi.

Abin da na koya shi nake gaya muku kullum. Mu mutanen nan in muna son baƙo, sai mu yi masa abin da mu muke so a yi mana. Zuciya ce mai kyau, amma a wannan aiki ba ta isa ba. Ka tambayi baƙo abin da ya kawo shi, ka saurari amsar har ƙarshe, ko da ta yi maka kama da wauta, kafin ka kira lebura.

Darasi na biyu ya fi nauyi. Duk ƙarin girman da na samu har na yi ritaya a mataki na goma sha huɗu, a kan takardar nan aka ɗora shi. Fayil ɗina yana nan, wanda ya so ya duba, sunana kaɗai ne a ciki. Sai bayan shekaru Hamidu ya gaya mini cewa a shekarar nan, tun kafin ruwan farko ya sauka, gidansu suka fara awon shinkafa a kasuwa. Ba su taɓa yi ba kafin nan, kuma Baba ya hana kowa ya gaya mini.