Mutumin da Malam Ishaku ya bari a durƙushe

"Angona, ga mutumin naka," in ji jikata Hadiza, ta dangwara mini wani tsohon littafi da ta tsinto a Kaduna. Saura kaɗan in taka rawa.

Zamanin kuɗin fetur, Malam Ishaku, wani Kirista, yake koyar da mu ajin yamma a Yankara. Bayan darasi yakan fassara mana labarin wani ɗan leƙen asiri mai zuwa coci, wanda aka umarta ya tona asirin mai masaukinsa.

Ɗan leƙen asirin ya durƙusa addu'a ke nan, Malam ya samu aiki a birni, ya yi gaba da littafinsa. Ya bar bawan Allah a durƙushe, mu kuma da gardama. Na ce mai tsoron Allah ba ya cin amanar wanda ya ciyar da shi. Abokina Malam Sule ya ce albashi ya fi tuwo.

Yau ga littafin nan a gabana, Hadiza kuma ta riga ta karanta shi. "Amarya, ya tona?"

"Bai tona ba. Korarsa aka yi daga aiki."

"Madalla da wannan kora!"

Gobe sai gidan Malam Sule, masanin halin duniya. Jama'a, da sallama zan shiga ko da guɗa?