Turancin Matar Ƙanena

Bokona bai wuce aji uku ba, a ƙauyenmu can wajen Kurfi, amma Allah ya ba ni kunne. Magana in ta shiga, ko da yaren da ban sani ba ce, tana nan zaune har in sami mai kwance mini ita. Turancin da na fito da shi ɗan kaɗan ne: luk duba, tek ɗauka, op sama, afta baya. Ban taɓa zaton za a haɗa waɗannan 'yan ƙananan abubuwa a cuce ni da su a tsakar gidana ba.

Matar ƙanena ta fari ta rasu ta bar jaririya, ko yaye ba a yi ba. Ni ban taɓa haihuwa ba, sai aka miƙo mini ita nan Dutsin-Ma. Ni na goya, ni na dama kunu, ni na yi jinyar ƙyanda. Ta tashi tana ce mini Inna. Shi kuwa ya tafi Abuja aiki, can ya auro wata 'yar boko mai gilashi, wadda in ta zo gidana sai ta kakkaɓe tabarma kafin ta zauna.

Wata ƙaramar Sallah suka zo da jaririnsu. Na toya waina, na yanka zakara. Yarinyar, lokacin tana aji biyar, ta durƙusa ta gaishe su, ta hau ba su labarin akuyarmu da ta cinye sabulu, tana yi tana kwaikwayon kukan akuyar. Matar ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa, ta juya wajen mijinta ta sake harshe. Tana murmushi kamar yabo take. Na tsinci guda uku na riƙe: teks afta, pik op, luk afta.

Suna fita gaishe-gaishe na leƙa ɗakin ƙofar gida, inda wata malamar sakandare ke haya.

"Malama, mi ake nufi da teks afta? Ɗauka daga baya?"

Ta yi dariya. "Hajiya, ai ba a fassara su ɗaya-ɗaya. In sun haɗu sai su zama wani abu daban. Gado ne. A ce yaro ya ɗauko halin wani."

"To halin wa aka ce ta ɗauko?"

Ta hau gyaran littattafanta. Na ce, "Faɗi, ai na san surutuna ake nufi."

Pik op kuwa na ɗauka na san shi, tunda ita ce motar a-kori-kura da ke kai buhuna kasuwa ran Laraba. Har na yi murna ƙanena zai sayi mota. Malama ta ce e, akwai motar, amma in mutum aka ambata, to zuwa za a yi a ɗauke shi.

Wato ɗiyata za a zo a ɗauke. Na ce, "Luk afta fa?"

"Reno. Kula da yaro ko mara lafiya."

Kun ji munafuncin yaren nan. Mu in za mu ce reno, sai mu ce reno, kowa ya ji. Su kuwa sai su ɗauko duba su liƙa masa baya, kana zaune ana sayar da kai kana zuba wa mutane miya.

Da suka dawo na bari suka ci suka sha. Sannan na ce, "Amarya, wa za a pik op?"

Cokali ya tsaya a hannunta. Ƙanena ya ce, "Yaya, wa ya faɗa miki?"

"Kunnena. Kuma wa za ta luk afta? Wannan jaririn naku mai majina?"

"Haba Yaya. Makaranta mai kyau za mu sa ta. Can akwai..."

"Nan babu makaranta? Da can ina kuke, tana kashi a bayana? Sai yanzu da hannunta ya isa wanki?"

Matar ta gyara gilashi. "Anti, ba ki fahimta ba ne."

"Ni ba antinki ba ce. Kuma na fahimta sarai, shi ne abin da ya dame ki."

Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Malam maigidana ya shigo ya saurara, ya ce uba ya fi kowa iko da ɗiyarsa, in yi haƙuri. Na je har ƙauye wurin kawunmu, shi ma haka ya ce, ya ƙara da cewa in gode Allah an bar mini ita ta kai haka. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, mota ta tsaya a ƙofar gida. Na haɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji da zanena guda, don ta saba sai ta ji warinsa take barci. Ban fita rakiya ba.

Sai da aka yi makonni kafin a ba ta waya. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce mini Gwaggo, wai haka aka ce ta riƙa faɗa. Ina jin jaririn yana tsala ihu daf da bakinta, wato a bayanta yake. Na ce, "An sa ki makarantar?" Ta ce wai sai sabon zango. Tana cikin tambayata ko akuyar ta haihu, sai na ji muryar matar daga nesa, a taƙaice: hang op.

Hang na san shi, Malama kan faɗa in tana shanya a igiya. Na tsaya ina tunanin mi za a rataye a sama. Ina ta "Alo, alo, ɗiyata," ashe ni kaɗai nake magana.

Wannan ban je na tambayi kowa ba.