Ranar da Enid Ta Shiga ta Ƙofar Dama

A kwarinmu na Yorkshire, in ka ji an ce wa yarinya "taurin kai sai ka ce Enid", to Enid Sugden ake nufi, masaƙiyar ulu da ke layin bayan coci. Gajeriya ce mai kaurin murya, don wanda ya tsufa cikin ƙarar injin saƙa bai iya raɗa ba. A masaƙar ta haɗu da Clifford, mai gyaran injuna, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Mutane suka ce auren ba zai kai ko'ina ba, sai ga shi ya kai su furfura.

Mashayar unguwar, wadda ake kira Baƙin Rago, ɗaki biyu gare ta a wancan zamani. Babban na maza ne, nan dogon teburin sayarwa yake, da famfunan hannu masu jawo giya daga gangunan ɗakin ƙasa, giyar da ba gas ba ƙanƙara, tana nuna a gangarta har ranar sha. Ƙaramin na mata ne, ana miƙo musu rabin kofi ta wata 'yar taga, wai cikakken kofi bai dace da hannun mace ba. Hannun da ke ɗaga dammunan ulu tun asuba ake faɗa wa haka fa. Kowace Lahadi da rana Clifford ya shiga ta ƙofar dama, Enid ta hagu, sai an tashi su haɗu a waje.

A saman dogon teburin akwai jerin ƙugiyoyi, kowane tsohon ɗan gida da moɗarsa ta ƙarfe a rataye. In mutum ya mutu sai a sauke moɗar a ba iyalinsa, ƙugiyar kuma ta koma ga wanda ke jiran gado.

Clifford ya rasu a farkon sanyi. Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, mai mashayar, Horace Binns, ya naɗe moɗar a tsohuwar jarida ya turo wa Enid ta tagar ɗakin mata, har da sunkuyar da kai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Gani ta yi kamar an sake binne mata miji, wannan karon a shafin labarin ƙwallo. Ta warware jaridar, ta fita, ta zagaya ta ƙofar dama.

Masu wasan domino suka tsaya da hannu a sama. Enid ta dire moɗar a gaban Horace, ta ce a cika ta, ƙugiyar kuma a bar ta, tana da mai ita. Horace ya fara da lallashi, wai baƙin ciki ne ya ruɗa ta. Da ya ga lallashi bai ci ba sai ya jawo kakansa, wai tun zamanin tsohon mace ba ta taɓa sha a ɗakin nan ba. Daga ƙarshe ya naɗe hannuwa a kan tumbinsa.

"Muddin kina nan, Enid, ba na taɓa famfo. Ba ke ba, ba kowa ba."

"To madalla," in ji ta. "Ni ba sauri nake ba. Wanda zan koma in dafa wa abinci yana ƙarƙashin ƙasa."

A nan Horace ya yanka ta tashi, don ran Lahadi mashaya ba ta daɗewa a buɗe da rana, kofuna kuwa sun fara ganin gindi. Da farko mazan a kanta suka huce, wannan ya ce ta ji kunya, wancan ya ce ta mutunta mamaci. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, tana tuna wa kowa ranar da Clifford ya sungume shi a buge ya kai shi gida. Baba Wilf, aminin marigayin, tausayi ya kama shi, ya taso zai tsiyaya mata rabin giyarsa. Ta rufe bakin moɗar da tafin hannu.

"Na gode, Baba Wilf, amma ba bara na zo ba. Daga famfo nake so, kamar kowa."

Ƙishi bai san al'ada ba. Kafin a jima gunagunin ya juya kan Horace, har wani daga lungu ya ce, "Zuba mata mu huta mana, kakan naka ai ba shi ke jin ƙishi ba." Horace ya dubi agogo, ya dubi mutanensa, ya kama famfo yana huci. Ko a fushi bai iya ɓata giya ba, a hankali ya ja har kumfa ta zauna daidai baki.

Enid ta tambayi inda mijinta ke zama, aka nuna mata wani benci a bakin ƙofa, nesa da murhu, wurin da iska ke shigowa ta soki ƙashi. Lallai nan ya samo tarin da ta sha yi masa faɗa a kai. Ta zauna tana mitar wautarsa a zuci, ta kurɓi giyar. Ɗaci gare ta, ba ta yi mata daɗi ko kaɗan ba, amma ta gwammace ta mutu da a gani a fuskarta. Da ta ɗaga kai sai idonta ya faɗa ta cikin 'yar tagar nan, kai tsaye kan kujerarta ta ɗakin mata, ga mayafinta can inda ta bar shi. Duk faɗin ɗakin, daga bencin nan kaɗai ake hango wurin. Clifford bai taɓa gaya mata ba.

Kuka ya zo mata, ta bar shi ya zuba a gaban kowa, ba ta ko share ba. Horace ya matso, ya ce ai ga irinta nan, da ma ya faɗa wannan giya ba ta mata ba ce.

"Giyarka ɗaci kamar halinka," in ji Enid, ta miƙa masa moɗar. "Ƙaro."

Tun daga ranar ba Lahadin da ta wuce ta. A bencin nan ta tsufa, iska na kaɗa ta, kuma duk saurayin da ya yi karambanin ba ta wuri kusa da murhu, sai ya ji abin da bai shirya ji ba.