Zaren Ruwan da Na Goge da Yatsana

Abin da nake fatan a ce ban aikata ba a rayuwata bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Yatsa na sa na goge wani ɗan ruwa, sannan na faɗa wa mutumin da ya yarda da ni kalma biyu na ƙarya. Yanzu na tsufa, ina zaune a flat ɗin council, wato gidan haya na hukuma, a unguwar Edmonton ta Landan, mantuwa ta ci abubuwa da yawa a kaina, amma ta kasa cin wannan Juma'ar. Ku samarinmu masu aikin kanikanci a garin nan kun sha roƙona in ba ku labarin zamaninmu. To ga shi, sai dai ba irin wanda kuke so ba ne.

Sunana Lawal. Na zo Landan a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da arzikin mai ya buɗe a gida. Karatuna bai wuce firamare ba, sai gyaran mota da na koya a wani gareji a Kano. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo ni in riƙa tuƙa shi, muka saɓa, ya koma ya bar ni. Wata safiya ina tsaye a tashar bas a Lewisham, ina ta zagin sanyi ni kaɗai, sai na ji murya a bayana: “Wane ne wannan yake zagin ikon Allah da Hausa?” Bitrus ke nan, mutumin Pankshin, Kirista, ya girme ni da kusan shekara goma. Ranar a gidansa na ci abinci. Matarsa Ladi ta tuƙa tuwo, ta hana ni tashi sai da na ƙara. Cikin mako biyu ya samo mini aiki a wurin gyaran jiragen ruwa masu inji da yake aiki, a bakin kogin Thames. Ni ina ce masa Yaya, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai da dalili. Bakano yake ce mini.

Tsarin wurin haka yake. Akwai foman, wani Bature, Mista Dawson. Ƙarƙashinsa manyan kanikawa masu takardar shaida, cikinsu har da Bitrus. Sai mu mataimaka. Kowane jirgi yana da katinsa, kuma ba ya barin wurin sai babban bakanike ya sa hannu cewa an gyara an gwada. Mataimaki ko ya fi kowa iya aiki, hannunsa ba ya hawa kati. Ku riƙe wannan.

Irin jiragen da muke gyarawa, injinsu yana ciki, amma farfelar tana waje, a jikin wani ƙarfe da ya leƙo ta bangon bayan jirgin ya sauka cikin ruwa. Ni da Bitrus ƙafa muke kiransa. Ana juya ƙafar hagu da dama da sitiyari, ana kuma ɗaga ta sama idan ruwa ba zurfi. Wato akwai rami a bayan jirgin, ƙasa da bakin ruwa, kuma abin da ya raba kogi da cikin jirgin roba ce kawai, mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri. Babbar robar tana rufe ƙarfen da ke juya farfela, ƙaramar tana rufe wayar giya. Idan robar ta tsufa takan tsage a cikin ninkin. Ƙafa tana tsaye, tsagar a rufe take. Sai an ɗaga ta ko an juya ta robar ta miƙe, sannan bakin tsagar ya buɗe.

Bitrus ya koya mini yadda ake kama irin wannan yoyon. Jirgi yana kan ruwa, inji a kashe, don a tabbata ba daga tiyon inji ruwan yake ba. A tsane ƙasan jirgin tas da tsumma. A barbaɗa hodar jarirai a bangon baya daga ciki. A jira. Sannan a ɗaga ƙafa, a juya ta iya juyuwa ta hagu, a jira, ta dama, a jira, ana leƙawa da tocila da ɗan madubi. Ruwa komai ƙanƙantarsa zai bar layi a kan hoda, layin kuma zai kai ka inda ya fito.

A lokacin manyan mutanenmu suna zuwa Landan suna saye kamar za a rufe kasuwa gobe. Wani Alhaji, ba zan faɗi sunansa ba, ya sayi jirgi na hannu, fari mai jan layi, da niyyar ya ɗan hau a nan sannan a tura masa Legas. Aka kawo shi wurinmu saboda ruwa yana taruwa a ƙasansa. Bitrus ya duba, ya ga babbar robar ta mutu, ya canza ta ranar Alhamis. Da safiyar Juma'a aka kira shi kan wani jirgin da injinsa ya kafe, sai ya miƙo mini hodar.

“Bakano, yi gwajin. Kada ka yarda da ita tana tsaye, ka ji? Ɗaga ta, juya ta.”

Na yi komai yadda ya koya mini. Ƙafa a tsaye, ba komai. Na ɗaga na juya hagu, ba komai. Na juya dama, na zauna. Can sai na gan shi a madubi: wani ɗan zaren ruwa yana bin wayar giya, yana saukowa a hankali a kan hodar. Ƙaramar robar ce. Ita ma ta tsage. Aikin yini guda ne, don sai an fitar da jirgin an cire ƙafar gaba ɗaya.

Ina nan durƙushe na ji sallama da Hausa. Alhaji ne da mutane huɗu, duk cikin manyan riguna da kwat a sama. Na fito na durƙusa na gaishe shi.

“Af! Ashe ɗan gida ne. Daga ina?”

“Kano, ranka ya daɗe.”

Ya tambayi unguwarmu, ya tambayi sunan mahaifina, sai ga shi ya san malamin da mahaifina ya yi karatu a wurinsa. Ya dafa kafaɗata. Tun da na zo ƙasar nan babu babban mutumin da ya taɓa dafa ni.

“Ai kai ɗana ne. To ɗana, ina da baƙi ranar Lahadi, na riga na ce musu za mu zaga kogi. An gama ko?”

Ɗaya daga cikin mutanensa ya amsa kafin in buɗe baki: “Ranka ya daɗe, tunda namu ne ya duba, ai magana ta ƙare. Bature ne zai ja maka rai.”

Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane nauyin wannan ba. Mu an raine mu ne a kan cewa ba ka ce wa babba a'a a gaban mutanensa. Sai ka ce to, daga baya ka bi shi gefe ka faɗa masa a hankali. Haka na tsara a raina. Na ce, “An kusa, ranka ya daɗe.” Ya ce yana so ya ga injin. Na koma ciki in buɗe masa, kafin ya leƙo na sa babban yatsana na shafe layin nan. Na sauke ƙafar.

Daidai nan Bitrus ya iso da katin, hannunsa duk baƙin mai. Ya gaida Alhaji, ya juyo gare ni.

“Ka ɗaga ta?”

“Na ɗaga.”

“Hagu da dama?”

“Duka.”

“A bushe?”

Alhaji yana kallona yana murmushi, mutanensa ma haka.

Na ce, “A bushe.”

Bitrus bai ko leƙa ba. Ya ɗora katin a gwiwarsa ya sa hannu.

Alhaji ya ce in zo mu tafi Juma'a tare a masallacin Regent's Park. Na ce a raina, a mota zan faɗa masa. A mota aka sa ni gaba kusa da direba, su suna baya suna zancen kwangila. Na ce bayan salla. Bayan salla ya riƙe hannuna yana nuna ni ga manya, “Ga ɗanmu, injiniyan jirgin ruwa ne.” Ni mai firamare. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kafin in dawo wurin aiki da la'asar an riga an tafi da jirgin, an ɗaure shi kusa da gidan da Alhaji ya sauka. Wurin ba zurfi idan ruwan kogi ya janye, saboda haka aka bar ƙafar a ɗage, a karkace.

Ranar Asabar ina da yini guda cur. Kuma a gidan Bitrus na ci abincin rana kamar kullum. Ladi tana tsokanata wai in yi aure kafin sanyi ya busar da ni, 'yan matansu biyu suna hawa jikina suna yi mini Turanci. Sau uku na buɗe baki. Na riƙa lallashin kaina: ɗan zare ne, akwai famfo a jirgin da ke fitar da ruwa, ranar Litinin zan san dabarar da zan yi a dawo da shi. Famfon ya yi ta aiki har batir ya mutu. Da Alhaji ya iso da baƙinsa ranar Lahadi, hancin jirgin kawai suka tarar a sama.

Babu wanda ya mutu. Na daɗe ina fakewa da wannan maganar.

Ranar Litinin aka ciro jirgin aka kawo. Mista Dawson ya tara mu a bayansa, ya ɗaga ƙafar, ya sa yatsa ya ja ƙaramar robar, tsagar ta buɗe kowa yana gani. Ya ce duk wanda ya yi gwajin hoda da gaskiya sai ya ga wannan. Ya ɗaga katin ya tambayi Bitrus ko sa hannunsa ne. Bitrus ya juyo gare ni. Ya dube ni, ya yi magana da Hausa, a hankali.

“Lawal, akwai abin da kake so ka faɗa?”

Takarduna na zama ba su da ƙarfi a lokacin. Na ga kaina a filin jirgin sama, na ga kaina na koma unguwarmu hannu rabbana. Na kalli takalmina.

Bitrus ya juya ga Mista Dawson ya ce eh, sa hannunsa ne. Bai ambaci sunana ba. Ranar aka sallame shi, ba tare da takardar yabo ba. Masu wuraren gyara a bakin kogin nan duk sun san juna, labari ya riga shi zuwa ko'ina. Na bi shi har bakin ƙofa ina riƙe masa akwatin kayan aikinsa. Ya tsaya.

“Tambaya ɗaya zan yi maka, ba zan sake ba. Ka ga ruwan, ko ba ka gani ba? In mantawa ka yi ba ka juya ba, faɗa mini in zage ka mu wuce wurin.”

Na ce, “Wallahi ban gani ba, Yaya.”

Ya ce, “To. Allah ya sa haka ne.” Ya karɓi akwatinsa.

Izinin zamansa a kan aikin yake. Ya yi 'yan watanni yana shara a tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutumin da yake gane ciwon inji da kunne kawai. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Ban je rakiya ba, na ce ina da aiki. Alhaji kuwa na gamu da shi a sallar Idi a shekarar, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Bai gane ni ba.

Ni na zauna. Na samu takardar shaida, aka ba ni bencin aikin Bitrus, na yi aikin nan har ƙarfina ya ƙare. Na yi suna a matsayin wanda jirgi ba ya fita hannunsa da yoyo. Duk lokacin da aka yabe ni a kan haka sai in kau da zancen, don na san wanda ya biya kuɗin wannan hankalin nawa.

Shekaru da yawa bayan haka na je gida, na ɗaura niyya na hau mota har Pankshin. Na haddace abin da zan faɗa. Na tarar ya rasu damina biyu da suka wuce. Injin niƙa yake gyarawa a kasuwa har ƙarshen rayuwarsa. Ladi ta fito, ta tsufa, ta ɗora hannu a ka.

“Bakano! Har yanzu kana zagin sanyi?”

Ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce bai taɓa ba ta labarin abin da ya faru ba, iyaka ya ce kuskuren hannunsa ne, kada ta sake tambaya. Ta ce cikin duk mutanen Landan ni kaɗai na tako na zo, Allah ya saka mini. Ta miƙo mini ruwa a kwano. Maganar tana bakina. Na karɓi ruwan na sha, na ce Allah ya ba da haƙuri, na tashi na tafi. Ita ma yanzu ba ta raye.

Na yi istigfari iya ƙarfina, amma haƙƙin mutum sai shi ya yafe, kuma babu sauran wanda zan durƙusa a gabansa. Shi ya sa na rubuta muku. Sana'ar nan tamu, ko ta jirgi ko ta mota, rabinta a kan maganar wani take tafiya: wani ya duba, wani ya sa hannu. Na ɗauka ladabi nake yi wa Alhaji, alhali kaina nake karewa daga kunyar minti ɗaya, kuma wanda ya ciyar da ni ne ya ɗauki nauyinta har kabarinsa.

Ina roƙonku don Allah, kada ku maimaita abin da na yi. Idan kun ga zaren ruwa, ku bar shi a kan hodar, ku kira mai sa hannu ya zo ya gani da idonsa, ko wane ne yake tsaye yana jira, ko da mahaifinku ne. Kuma in har kun riga kun goge, to ku faɗa ranar Asabar, tun mutumin yana zaune a gabanku kuna cin abinci a kwano ɗaya.