Makonnin da Muka Jira Sakamakon Jinin Yaya

A shekarun da benaye ke ta tsirowa a Abuja, ni da yayata gida ɗaya muke zaune a Dutse Alhaji. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ita kuma malamar firamare ce. Allah ya ba ta murya. In ta kira ni daga bakin famfo, har maƙwabta sai sun leƙo.

Da wani ƙulli a wuya abin ya fara, ba ya ko zafi. Sai toshewar hanci, sai kunne ɗaya ya rage ji. Mun daɗe muna ɗora wa ƙurar alli laifi kafin likita ya ce sankara ce ta fito can bayan hanci. Aka yi mata gashi da na'urar asibiti na makonni. Ƙullin ya baje, amma yawunta ya ƙafe, harshenta ya daina bambance gishiri da sukari.

A layin gashin muka saba da wata dattijuwa manomiya daga Paikon Kore. Mijinta take kawowa, wanda cutar ta kama a maƙogwaro har ta tafi da muryarsa.

Da aka gama wa Yaya gashin, likitan ya zaunar da mu.

"Hoto bai nuna komai ba," ya ce. "Amma akwai wani gwaji. Wannan cuta tana zubar da ɓurɓushinta a cikin jini. In an duba ba a gani ba, alama ce mai kyau. In an gani, ta yiwu tana nan a ɓoye."

"Wato jinina ne zai kai ƙarata," in ji Yaya.

Likitan ya yi dariya, ya ce kusan haka ne. Ƙasar waje za a aika da jinin, sai mu jira mako uku.

Ban san yadda za mu cinye kwanakin nan ba, sai ga dattijuwar ta kira wayata ta ce mu zo ƙauye. Ranar Asabar muka kama hanyar Gwagwalada. Muna wuce gine-gine sai kunyoyin doya, iya ganinka. Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, ta kawo sakwara mai laushi da miyar ɗanyar kuɓewa.

"Malama, kai ci," ta ce da irin Hausarta. "Wannan ba ya neman yawu, da kansa ya san hanya."

Yaya ta kai loma ɗaya, ta dube ni, ta ƙara. Rabon da in ga ta cinye kwano tun kafin gashi.

Asabar uku muka yi a gidan. Yaya da tsohon sukan zauna suna ɓare gyaɗa, shi yana magana da hannu, ita tana amsawa da kai. Ni da dattijuwar muna can madafa, tana ba ni labarin yadda take kai doya kasuwa a kafaɗa tun tana budurwa. A ƙarƙashin mangwaron nan ba wanda ya taɓa ambaton asibiti.

Da sakamakon ya iso, likitan ya ce an ga ɓurɓushi, kaɗan ne amma yana nan. Ni na fashe da kuka.

"Ke, share hawayenki," Yaya ta ce. "Gara da jinin ya faɗa da wuri. Likita, yanzu sai me?"

Aka sa ta a kan maganin ƙarin ruwa. Ta sha wuya, ta rame, amma ta koma aji. Muryar ta yi ƙasa, sai yaran suka koyi yin shiru don su ji ta. Akwai lokacin da gwajin ya dawo fes, ranar ta sayi alewa ta raba wa makarantar kaf.

Daga baya ɓurɓushin ya dawo, tun kafin jikinta ya nuna. Wannan karon ta ce kada a mai da ta kan magani, a bar ta ta ƙarasa zangon karatu. Ta rasu da damina, Allah ya jiƙanta, bayan ta gama duba takardun jarrabawar 'yan ajinta. Ni na kai su makarantar ranar Litinin, ba wadda ta bari babu maki.