Bargon da Ya Karkata Hagu

A layinsu ba mai kiranta da wani suna sai Mai Ƙyalle, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Gajeriyar mace ce mai saurin baki, kullum da zare maƙale a gefen zaninta, wadda ba ta iya ganin guntun yadi a ƙasa ta wuce. Tun tana 'yar shekara goma take share shagon kawunta tela, ladanta kuwa duk abin da ya faɗo daga bakin almakashi. Da waɗannan guntaye ta koyi haɗa bargo: a yanka ƙyallaye gida-gida, a jera, a ɗinke, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a yi masa shafi. Sana'ar da ta riƙe ke nan fiye da shekara hamsin, kuma da wuya ka shiga gida a unguwar ba ka tarar da aikin hannunta a kan wani gado ba.

Tana da hanyar aikinta, ba ta kuma sauya ta don kowa. Ba ta taɓa keken ɗinki sai ƙyallayen sun kwana uku a ƙasa. Za ta ture kujerun falo jikin bango, ta shimfiɗa farin zanin gado, ta jera su a kai, sannan ta hau kujera ta leƙo su daga sama. Can za ka gan ta tsaye, hannu a ƙugu, ta kanne idanu har furannin jikin yadin su ɓace mata, ya rage sai duhu da haske. Ta sauko ta ɗauke shuɗi ta sa kore, ta sake hawa, ta yi tsaki, ta sake saukowa. 'Ya'yanta uku da bin gefen bango suka girma, don wanda duk ya taka mata jeri ya shiga uku.

Dokarta ɗaya ce: abin da ke dama sai ya sami ɗan'uwansa a hagu. Ja ɗaya nan, ja ɗaya can. Ta sha warware layi guda cur saboda gida ɗaya ya fi abokinsa duhu, abin da ba wanda ya lura da shi sai ita.

Mijinta kafinta ne, dogo, mai sanyin magana. Shi yana ce mata Tela, ita tana ce masa Malam. Gardamarsu ba ta wuce awo: shi ba ya yarda da komai sai ya ɗora tef, ita kuwa ta ce idonta ya fi tef ɗinsa gaskiya. Tun farkon aurensu take zama a hagunsa, don mutum ne mai yawan wurgi da hannun dama in labari ya yi daɗi, kuma ya taɓa ɓarar mata da shayi a jiki. A hagu take wajen cin abinci, a hagu a kan bencin ƙofar gida, a hagu ko a mota. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ba ta sauya gefe ba.

Wata safiya guduma ta suɓuce masa a shago, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi mako uku a asibiti, Allah ya taimaka ƙafar ta dawo, hannun ma ya fara motsi, baki ya saki. Sai da aka dawo gida aka gane abin da ciwon ya tafi da shi. In aka ba shi abinci, sai ya cinye rabin faranti na dama ya ce ya ƙare. In ya yi aski, ya bar rabin fuska. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, tana zaune a hagunsa, gwiwarta na taɓa kujerarsa, za ta yi magana sai ya juya dama yana duban ƙofa.

"Tela, ina kike ne?"

"Ga ni nan kusa da kai, Malam."

"To ki shigo mana."

Likitar da ke duba shi, wata matashiya mai haƙuri, ta yi mata bayani. "Mama, idonsa lafiya lau yake. Ƙwaƙwalwarsa ce ta daina leƙa hagu, kamar ta manta akwai wani abu a wajen. Ku riƙa jan hankalinsa can a hankali. Wasu yana dawo musu, wasu kuma ba ya dawowa."

Babbar 'yarsu, wadda take leƙo su kullum bayan ta tashi daga aiki, ta ga abin da sauƙi. "Umma, ki mai da kujerarki dama ki huta mana. Ai a can yana ganinki."

"Ina zuwa daman in ba shi magani," in ji Mai Ƙyalle. "Amma zama? Ranar da na ɗauke kujerar nan, na yarda ke nan rabin duniyarsa ta tafi, har da wurina a ciki. Ban yarda ba."

"Umma, taurin kai!"

"A wurin wa kika gado naki?"

Tun da ya kwanta ciwo yake jin sanyi, kullum da hantsi yana zaune a falo da mayafi a kan cinya. A nan dabara ta faɗo mata. In launi yana jan idon mai saye daga tsallaken titi, me zai hana ya ja idon mijinta taku ɗaya?

Ta zazzage buhunan ƙyallenta. Gwajin farko, ta tara duk wani ja da rawaya da ruwan hoda mai ƙyalli a hagu, ta bar dama ruwan toka zalla. Ba ta ɗinke ba, ta dai kama su da fil a jikin zanin gado ta ɗora masa. Ya duba, ya shafa, ya girgiza kai.

"Tela, tsufa ya zo. Bargo guda duk toka? Ina launukanki?"

Ga launukan nan a cinyarsa ta hagu, suna ihu kamar kasuwa, bai san da su ba. Ta yi dariya don kada ya gane, ta shiga kicin ta share hawaye.

Gwaji na biyu ta warwatsa jajayen gidaje takwas a cikin shuɗi, ta ce ya ƙirga mata. Ya ƙirga huɗu, ya ce shi ke nan. Ta gwada manyan gidaje, ta gwada ƙanana, ta gwada masu kusurwa uku suna nuni hagu. Kai, ba irin jerin da ba ta yi ba a cikin wata biyu, tana hawa kujera tana sauka har gwiwa ta fara ƙara. Duk a banza, da idonsa ya kai tsakiyar bargon sai ya tsaya cak.

Ranar da ta gaji, ta fizge zanin da haushi, sai wani dogon tsiri rawaya, ragowar bakin labule, ya faɗo a gicciye a kan cinyarsa. Tana tattara fil ta ga ya ɗora yatsa a kansa yana bi a hankali, yadda yake bin gefen katako don ya ji ko ya miƙe. Yatsan ya kai tsakiya. Ya wuce! Ya yi kusan taƙi guda a cikin hagu kafin tsirin ya ƙare. Mai Ƙyalle ta tsaya baki buɗe, fil a hannu. Ashe ba tarin launi yake so ba, hanya yake so, wadda ba ta yankewa.

Ta koma ƙasa da jerinta. Ta yi filin bargon shuɗi mai duhu, ta ɗauko hanya daga daidai inda hannunsa na dama ke sauka, tana tafiya hagu hawa-hawa kamar matakala. Launin ya fara da rawaya, ya riƙa nuna a hankali zuwa ruwan lemo, har ya zama ja a ƙarshe, yadda kowane gida zai sa mutum son ganin na gaba. Ta bar ɗinkin gefen hanyar da ɗan tudu don yatsa ya ji shi. Ta hau kujera ta kanne ido. Subhanallahi, abin ya karkace! Duk nauyin ya zube gefe ɗaya, ɗaya kusurwar ta zauna fayau ba komai. Zuciyarta ta kasa ɗauka. Ta ce a ranta ai ƙarin layi ɗaya ba zai ɓata komai ba, ta ƙara wata hanyar daga ɗaya gefen, suka gitta juna a tsakiya. Nan bargo ya zauna daram, ya yi kyau har 'yarta ta ɗauki hotonsa. Ta zauna ta ɗinke shi tsaf cikin kwana tara.

Ta ɗora masa. Yatsa ya kama rawaya, ya hau, ya hau, ya iso mararraba. Sai ya bi ɗaya hanyar, ya koma damansa abinsa.

"Ya yi kyau, Tela," ya ce.

Ba ta taɓa jin yabon da ya yi mata zafi kamar wannan ba. Ita da hannunta ta buɗe masa hanyar komawa, don kawai idonta ya ji daɗi. Ta zauna a tsakar gida da reza tana warware aikin kwana tara, tana yi tana yi wa kanta faɗa. "Tsohuwar banza, wa ya aike ki? Shi kike wa bargo ko kanki?"

Da ta gama, maƙwabciyarta ta leƙo ta ga bargon a kan igiya. "Wace 'yar koyo ce ta ɗinka miki wannan? Duk ya tafi gefe ɗaya."

"Ni ce 'yar koyon," in ji Mai Ƙyalle. "Can nake so ya tafi."

Gaskiya ba ta taɓa ɗinka abu mai muni kamarsa ba, ita ma in ta kalle shi sai ta kau da kai. Amma kullum da hantsi za ta shimfiɗa masa shi, ta zagayo hagu ta zauna, ta ja jan ƙarshen ta ɗora a kan gwiwarta. Ba ta kiransa, don muryarta gefen dama take mai da shi. Wannan shirun shi ne aiki mafi wuya a wurin mace irinta. Gida goma sha huɗu ne a hanyar. Makon farko yatsan ya tsaya a na takwas. Ya yi kwana goma a na tara har ta fara fid da rai. Wata rana ya kai sha ɗaya, washegari ya koma takwas, ta rasa wanda za ta yi wa masifa sai ta huce a kan tukwane.

Wata ranar Laraba ce, rana ta shigo ta taga, ana jin mai gyaran famfo yana bugun ƙarfe a gidan maƙwabta. Yatsan ya wuce ruwan lemo ya shiga ja. Sha biyu. Sha uku. Ta ga kansa yana biyo yatsan a hankali, wuyan yana juyawa da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. A gida na sha huɗu yatsan ya ci karo da bayan hannunta. Ya tsaya, ya shafa, ya ɗago ido ya bi hannun har kafaɗa, har fuska.

Ya daɗe yana kallonta.

"Tela," ya ce. "Tun yaushe kike zaune a nan?"

Wata biyar, shi ne abin da ya zo mata baki. Wata biyar cur, kullum, a kan kujerar nan. Sai ta dubi fuskarsa ta ga in ta faɗa zai ji ciwon da ya fi nata.

"Yanzun nan na zauna, Malam."

Ya damƙe hannun da ƙarfi, idonsa bai bar kanta ba, kamar mai tsoron in ya ƙifta za ta ɓace.

"To kada ki tashi."

"Ina za ni?" ta ce, hawaye na zuba ba ta ko share ba.